Yadda Talle Ya Tayar da Gonar Gado Tsaye

A shekarar da mutane suka koyi bin layi don sayen sabulu da madarar gwangwani, ana cikin jinyar farin da ya ƙone gero tun bai kai gwiwa ba, Talle ya dawo Zangon Marke daga Legas. Zangon Marke ƙauye ne a kan hanyar Minjibir, inda gida ke jingine da gona, gona ke jingine da gida, har babu wurin da akuya za ta kwanta a ce ba shi da mai shi. Ya sauka daga mota da akwatin ƙarfe ɗaya, da hular ma'aikata mai zare ruwan zinariya, da harshen da bai san hutu ba.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki a wani dogon bene na ofisoshi mai hawa ashirin da uku. Aikinsa zama a kan kujera cikin lifta, akwatin nan mai kai mutane sama da ƙasa, yana danna lamba. Da abubuwa suka tsuke, kamfanoni suka fara kwashe kayansu, liftar ta lalace aka rasa kayan gyara, sai aka sallame shi. A bakin Talle kuwa, shi ne ya ajiye aikin don ya ga garinsu na bukatarsa.

Kullum bayan la'asar yana gindin marken bakin kasuwa yana karanta wa mutane benen hawa-hawa.

"Ƙasa banki ne," in ji shi. "Na biyu zuwa na biyar 'yan inshora. Na shida lauyoyi, masu baƙar kwat ko da ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Na tara masu jiragen ruwa. Na sha huɗu Turawan mai. Can ƙololuwa shugaba ne shi kaɗai, da kafet ɗin da ƙafa ke nutsewa a ciki. Bango duk gilashi. Babu tagar da ake buɗewa, iska ma sai wadda inji ya tace. A can darajar mutum hawansa ce. Gaya mini hawanka in gaya maka ko kai wane ne."

"Kai a wane hawa kake?" in ji Usaini mahauci.

"Ni a duka nake."

"Wato ba ka da ko ɗaya."

Aka yi dariya. Talle ya gyara hula ya ce ba laifinsu ba ne, mutumin da bai taɓa wuce rufin rumbu ba dole tunaninsa ya tsaya nan.

Abin da Talle ya mallaka a duniya shi ne kashi biyu cikin uku na gonar da mahaifinsu ya bari a bakin hanya. Kashi ɗayan na yayarsa Furera ne, wadda mijinta ya rasu a shekarar farin ya bar mata baki biyar. Gonar ba ta da girma, amma babu irinta a garin. Shekara arba'in tsohon ya yi yana kawo mata taki daga birni a kan jaki, mangala bayan mangala, har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi kamar gari. Ko a shekarar farin ta ba da abin da ya riƙe gidan Furera har tsakiyar rani.

Wata safiya Talle ya shiga gidan ya same ta tana tankaɗe.

"Yaya, bene zan yi a bakin gonar nan."

"Bene kuma? Na kwana?"

"Na ofisoshi. Hawa bakwai, don farawa."

Furera ta ajiye rariya ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Talle, wa ke da ofis a garin nan? Dagaci ma a zaure yake shari'a, a kan buzu."

"Don ba su samu ba ne. Mutum ba ya sanin yana bukatar ofis sai ya ga ofis."

"Da wace ƙasa za ka yi tubali?"

"Ga ƙasa nan a gona, tana kwance kawai."

"Kwance kawai? Ita ke ciyar da mu! Ƙasar da Baba ya ƙare ƙarfinsa a kanta za ka kwaɓa?"

"A kasona zan haƙa. Naki ko taku ɗaya ba zan shiga ba."

"To, Allah ya sa," in ji ta, ta ɗauki rariyarta. Amma garin da ta tankaɗe daga nan rabinsa a ƙasa ya zuba.

Ya kira Mika'ilu, tsohon maginin garin. Mika'ilu ya durƙusa ya dumbuzo ƙasar, ya yayyafa mata ruwa, ya dunƙule, ya sansana, ya buɗe hannu. Dunƙulen ya rabe gida uku.

"Wannan ƙasar ci ce, ba ta gini ba," in ji shi. "Rairayi ne da taki. Gini sai jar ƙasar kududdufi, a kwaɓa da ciyawa a bar ta ta kwana ta kwana."

"Baba Mika'ilu, ka taɓa hawa bene mai hawa ashirin da uku?"

"Ban taɓa ba."

"Ni sau ɗari nake hawansa a rana."

"Ka taɓa ganin gindinsa?"

"Me zan yi da gindinsa? Manya a sama suke."

Lokacin ba na ƙin aiki ba ne, don haka Mika'ilu ya karɓa. Ya ce a yi gindin bango kamu biyu, yana sirancewa yana hawa, yadda aka gada. Talle ya ce a'a, bangon Legas a miƙe yake sambal, kaurin sama shi ne kaurin ƙasa. Mika'ilu ya ce a bar wurin indararo don ruwan rufi ya sami hanya. Talle ya ce a duk zamansa bai taɓa ganin benen ofis da indararo yana tsiyaya wa lauyoyi ruwa a ka ba. Haka suka yi ta ja har hawa na biyu ya tsaya. Ranar da Talle ya zo da alli ya zana tagogi masu faɗin ƙofar zaure a kowane ɓangare, Mika'ilu ya sauko ya wanke hannu.

"Na gina masallatai uku da soraye sun fi ashirin, babu wanda ya kashe kowa. Ba zan fara da tsufana ba."

"Tafi abinka," in ji Talle. "Dama zamani ya wuce ka."

Ya ci gaba da kansa, da leburorin da yunwa ta sa za su ɗora tubali a kan komai in dai za a ba su tuwo. Hawa na ƙasa ƙafa goma sha biyu ne a tsawo, goma a faɗi, takwas a tsaye. Na biyu bakwai a tsaye. Na uku shida ba kaɗan. Na huɗu ƙafa huɗu da rabi, don a nan azara ta ƙare, abin da aka sallame shi da shi ma ya ƙare. Talle ya ce a Legas ma haka ake yi, a dakata a huɗu a ga yadda gari zai karɓa.

Sai da aka rufe saman wani lebura ya tambaya ta ina za a riƙa hawa. Talle ya ɗaga kai ya dubi ginin. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa taka matakala ba, har ya manta ana yin ta. Ya ce da gangan ne, lifta na zuwa. Kafin nan aka jingina dogon tsani.

Ramin da ake ɗibar ƙasa kuwa ya yi ta buɗe baki. Leburori sun fi son ta sama mai laushi, sai suka bi ta suna kankarewa. Ya cinye kason Talle, ya isa iyaka, ya tsallake. Furera ta zo ta tsaya a bakinsa da hannu a ƙugu.

"Kunyoyi talatin da huɗu nake da su. Yau na ƙirga goma sha tara. Ina sauran?"

"Gefen ne ya zabtare da kansa, Yaya."

"Da kansa ya shiga kwando ya hau sama?"

"Ki yi haƙuri. Nan da kaka ke ce yayar mai bene."

"Bene za mu dafa?"

Ana haka motar gilasai ta iso. Gilasan gaban matattun motoci ne da ya tsinto a gareji a Ɗambatta. Ɗaya har da rubutun Kano zuwa Ɗambatta a goshinsa. Aka kafa su a tagogin, rana ta haske su, mutane suka taru suna kallo. Ranar Talle bai ci abinci ba don daɗi.

Washegari fitina ta tashi. A garin, kamar ko'ina a ƙasar, makewayi ba shi da rufi, tsakar gida ma haka. Saboda haka duk namijin da zai hau rufin ɗaki ko bishiya sai ya ɗaga murya sau uku ya ce, "A kimtsa, namiji zai hau!" Mata su ja zane su shige ɗaki, ya yi abin da ya kai shi ya sauko. Ba a taɓa yin wanda zai hau da safe ya zauna har la'asar ba. Talle ya hau hawa na huɗu ya zauna a bayan gilashi yana duba gari kamar shugaba, gidaje bakwai suna buɗe a gabansa kamar faifai.

Kafin azahar Inna Kaltume, tsohuwar da katangarta ke kallon benen, ta fito da muciya a hannu da mata goma a bayanta.

"Kai Talle! Sauko nan, mara ta-ido!"

Ya leƙo. "Inna, ofis ne. Sai an nemi izinin ganina."

"Izinin uwaka! Tun safe surukata ke riƙe da bokitin wanka ta kasa shiga. Ni da na yi wa uwarka wankan jego kake leƙe?"

"Ba leƙe nake ba, Inna. A Legas kowa yana ganin kowa, ba wanda ya damu."

"Shi ya sa suka koro ka, sun gaji da ganinka!"

Magana ta kai zauren dagaci. Dagaci ya zo ya zagaya ginin sau ɗaya daga nesa, ya yanke hukunci. Ɓangarori uku da ke kallon gidaje a yaɓe gilasansu da ƙasa. Na gabas kaɗai za a bari, don shi gonar Mani dillalin hatsi yake kallo, gero kuwa ba ya wanka. Tsani da ƙofofi su koma can. Kiran nan kuma yana nan, duk hawa sai an yi shi sau uku. Aka yaɓe gilasai tara na hawa ukun sama. Ofisoshin suka yi duhu kamar cikin tulu. Talle ya ce manyan ofisoshi dama ba sa son haske da yawa.

Sai neman 'yan haya. Talle ya tsara su yadda ya sani, babba a sama, ƙarami a ƙasa. Ya kai wa Liman tayin ƙololuwa, Liman ya yi masa addu'ar samun lafiya. Ya je wurin Malam Khalilu, dattijon da ke rubuta wa mutane wasiƙa a gindin marke.

"Malam, hawa na biyu naka ne. Sakatariya."

"Wa ke na uku?"

"Za a samu."

"Da sunan Allah nake buɗe kowace wasiƙa. Ba mai taka rufi da takalmi a kan takarduna."

"To hau na huɗu, babu kowa a kanka."

Malam Khalilu ya dubi tsanin, ya dubi gwiwoyinsa, ya ce zai jira liftar. Ya ci gaba da zama a gindin marke, sunansa kuwa yana kan allon da Talle ya kafa a ƙofa.

Usaini mahauci ya karɓi hawa na ƙasa, don a ganinsa rumfa ce ta samu. Talle ya rubuta masa Sashen Abinci. Ja'afaru tela ya karɓi na biyu, aka ja kekensa da igiya. Ranar farko Usaini ya hura wutar tsire, hayaƙi ya rasa taga ya bi ta tsakanin azara ya cika ofishin tela. Ja'afaru ya taka keke yana tari, rufi ya girgiza, ƙasa ta yi ta zuba a kan nama.

"Kai mai ɗinki, ka daina yi mini barbaɗe!"

"Kai ka daina gasa ni! Rigar angon mutane duk ƙaurin kitse take!"

"Ai gara, ko amarya ta so shi!"

Talle ya tsaya a tsakiyar tsani yana sulhu, yana cewa haka lauyoyi da 'yan inshora suke yi kullum, alamar gini ya cika ke nan.

Na uku Mani ne ya karɓa, ba tare da ya yi ciniki ba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Lokacin sojoji na fasa ɗakunan masu ɓoye hatsi suna sayarwa a kan farashin gwamnati, Mani kuwa kullum rantsuwa yake a kasuwa cewa ko tiya ɗaya ba ta rage masa ba. Ya ce wa Talle takardun kasuwanci zai ajiye. Talle ya rubuta masa Kamfanin Shigo da Kaya. Ranar wata Juma'a, maza duk sun tafi masallaci a Minjibir, aka ja takardun sama da igiya. Buhu talatin ne, kowanne sai ƙarti biyu sun ɗaga. Ba a yi kira ko sau ɗaya ba, amma Inna Kaltume ta ga komai ta ɓular katanga ta adana a ranta.

Ruwan farko ya sauka a farkon watan Yuni. Kwana shida bayan haka benen ya fara tsiro. Duk irin da taki ya ɓoye shekara da shekaru ya farka: gero, dawa, rama, yakuwa, har da kabewa da ta kama hawa na biyu tana neman na uku. Gini ya yi kore shar tun gonakin mutane ba su rufe ƙasa ba.

"Kun gani?" in ji Talle. "A Legas sai an sayi furanni a tukwane an jera. Nawa da kansa yake yi."

Awakin garin, waɗanda suka yi rani suna cin takarda da tsumma, su ma suka gani. Suka yi wa bangon gabas layi, inda babu gidan da za a kore su. Suka cinye ganye, suka bi saiwa, suka miƙe a kan ƙafafun baya suna gwaguyar bango har inda bakinsu ya kai. Mika'ilu ya zo wucewa, ya tsaya, ya soka sandarsa a gindin ginin. Ta shige taƙi guda ba tare da ya matsa ba.

"Talle, ka fitar da mutane daga ciki."

"Hassada ce, Baba. Ranar Laraba za a buɗe. Ka zo da wuri ka sami wurin tsayawa."

"Zan zo. Daga nesa zan tsaya."

Laraba ce ranar kasuwar garin. Ranar Talata da yamma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya taru a rufin da ba shi da indararo, ya rasa hanya, ya bi cikin bango. Da safe rana ta fito tas. 'Yan kasuwa daga ƙauyuka suka bar rumfunansu suka cika bakin gonar Mani. Dagaci ya zo, aka shimfiɗa masa buzu, ya sa aka ja buzun baya taku ashirin. Usaini da Ja'afaru suka fito don a gabatar da su. Furera ta tsaya can gefe a bakin ragowar kunyoyinta.

Liftar rabin gangar mai ce. An ɗaure ta da igiya, igiyar ta bi ta kan kura, ƙarfen nan mai juyawa na jan guga a rijiya, da aka rataya a wata azara mai leƙowa daga rufi, ɗaya bakin kuma yana ɗaure a jikin jakin Usaini. In jaki ya yi gaba cikin gonar Mani, ganga ta hau. In ya dawo, ta sauko.

Talle ya yi jawabi mai tsawo, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, kai za ka fara."

"Na yafe," in ji dagaci.

"Malam Khalilu, ofishinka na jira."

"Ya ƙara haƙuri."

Sai Talle ya daidaita hula ya shiga gangar da kansa. Ya ba Ja'afaru ragamar jaki. Ya buɗe murya sau uku, "A kimtsa, namiji zai hau!"

Daga bayan katanga Inna Kaltume ta amsa, "Mun kimtsa! Namijin muke jira!"

Jaki ya taka, ganga ta tashi. Talle ya riƙa sanarwa da irin muryar da yake yi a Legas. "Hawa na ɗaya, Sashen Abinci! Hawa na biyu, ɗinki da kwalliya! Hawa na uku, shigo da kaya!" Mutane suka fara tafi, har wasu suka ce kai, ashe mutumin nan ya san abin da yake yi.

Tsakanin na uku da na huɗu jakin ya waiwaya. Ya ga bango kore, shi kuwa tun jiya ba a ba shi komai ba. Ya juya ya nufo ginin da sauri yana jan Ja'afaru. Ganga ta sulalo kamar guga, Talle yana karanto hawan a juye ba tare da ya yi niyya ba, har ta tsaya cak a daidai tsayin mutum daga ƙasa. Jakin ya kafa baki a bango.

"Ja shi! Ja'afaru, mayar da shi!"

"Ya ƙi! Ni tela ne!"

Usaini ya zaro itacen wuta daga tukubar tsire ya ɗana wa jakinsa a gindi. Jakin ya yi wata irin kuwwa ya zabura gabas. Ganga ta harba sama, ta wuce na biyu, ta wuce na uku, ta wuce na huɗu, ta daki azara. Igiya ta miƙe. Jaki bai tsaya ba. Azarar ta yi ƙara ta tumɓuke da rabin rufi, ruwan da ya kwana a sama ya kwararo, ganga ta faɗo cikin laushin gona da Talle a ciki, jaki ya ja ta a guje yana huɗa da ita har taku arba'in. Abin da ya ceci ransa ke nan.

Benen bai faɗi nan take ba. Ya ɗan tsaya kamar mai tunani. Sannan bangon da awaki suka ci ya durƙusa, ginin ya sunkuya gabas a hankali, ya kwanta a gonar Mani da tsawonsa, da wani nishi mai nauyi. Keken Ja'afaru ya fito ta gilashi ya tsaya a kan ƙafafunsa.

Da ƙura ta lafa aka ga gero. Buhuna sun fashe, hatsi ya malala a kan ɓaraguzai, fari tas, a gaban mutanen da suka yi wata uku suna auna tuwo da ido.

"Na wane ne wannan?" in ji dagaci.

Kowa ya dubi Mani. Mani ya dubi hanyar da motar sojoji ke bi.

"Ranka ya daɗe, ni takardu na ajiye."

"Takardun da ƙarti biyu ke ɗagawa ranar Juma'a!" in ji Inna Kaltume, wadda ta riga ta fito da ƙwarya.

"Ban san shi ba," in ji Mani. "Ba nawa ba ne."

"To, abin da ba shi da mai shi na jama'a ne," in ji dagaci.

Kafin azahar ko ƙwaya ba ta rage a fili ba. Talle ya fito daga ganga da laka har kunne, ba hula, yana ɗingishi, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa matsalar daga jaki ce, gini lafiyarsa ƙalau. Ba wanda ya tsaya.

Furera ce ta je gaban dagaci. Ba ta ɗebi hatsin ba. Ta ce ita ƙasarta take so, ƙasar ubanta, a mayar mata cikin rami tun damina ba ta yi nisa ba. Mani, wanda ya yi asarar buhu talatin kuma bai isa ya yi kuka a fili ba, ya share fuska ya matso.

"Ranka ya daɗe, hatsi ba nawa ba ne, na faɗa. Amma gonar tawa ce, kuma na riga na yi shuka. Ba mai shigar mini da kwando yana tattake mini gero. Bayan girbi su zo su tsince tasu, in sun gane ta."

Dagaci ya ba Mani gaskiya. A al'ada ba a shiga gonar mutum bayan shuka, kuma bai sami hanyar kaucewa ba. Washegari Mani ya sa aka baje ɓaraguzan da fartanya, ya sake shuka a kai.

Da kaka ta zo, masu wucewa a mota suna leƙowa su ga abin mamaki. A tsakiyar gonar Mani, wadda geronta bai fi kafaɗa ba, akwai wani dogon yanki mai kusurwa huɗu da geronsa ya fi mutum da hannu a miƙe, zangarniya kamar damtse. Siffar benen ce a kwance, ba ta ɓata ba.

Talle kuwa tun daga ranar yake jidar rairayi daga rafi a kwando yana zubawa a rami, Furera na zaune a bakin ramin tana tsinkar yakuwa, ba ta ɗauke ido daga kansa. Ranar da Mani ke girbi wata mota ta tsaya shan ruwa, fasinjoji suka sauko suna nuna yankin. Talle ya ajiye kwando ya ruga.

"Ni na gina shi," in ji shi. "Daga nan zuwa nan hawa na ɗaya. Can inda ya fi duhu, shigo da kaya. Dami bakwai aka ɗaure a kansa yau. Ku da kuke yawon duniya, ku gaya mini wane bene ne a Legas ya taɓa ba da dami bakwai?"

Fasinjojin suka dubi juna. Furera ta taso ta zo har inda yake. Kunyoyinta goma sha tara dami biyu da rabi suka ba ta, ga baki shida da nata, ga na Talle na bakwai.

"Bakwai ne, na ƙirga," in ji ta. "Ga su can ana kai su rumbun Mani. Ɗauki kwandonka."

Ya ɗauka. A ranar, saura ƙafa biyar ramin ya cika.